Ba mu kama ɗaki ba, muka huta a falon otal ɗin Disney: abin kunya muka yi?

Assalamu alaikum Anti. A Houston nake zaune da maigidana da yaranmu uku. A watan Yuli muka je Orlando, inda wurin shaƙatawar Disney yake, tare da ƙanwarsa da yaranta biyu da suka zo mana hutu daga Kaduna. Kuɗin otal-otal ɗin cikin Disney ya fi ƙarfinmu, sai muka kama gidan haya a Kissimmee. Ranar da muka shiga Magic Kingdom, ɗaya daga filayen wasan Disney, wajen ƙarfe biyu zafi ya ishe mu, ga hadari ya haɗo, ga autana yana ta kuka. Ƙanwar maigida ta ce mu hau jirgin da ke zirga-zirga a wurin mu je ɗaya daga cikin otal-otal ɗin mu sha sanyi. Muka je, muka zauna a falon ƙasa kusan awa uku. Mun haɗa kujeru, mun buɗe kula mun ci shinkafa da dambun nama, yara biyu sun yi barci a kan kushin, wayoyinmu duka a caji, manyan yaran suna ta hawa da sauka a matakala. Can wata ma'aikaciya ta zo cikin ladabi ta tambaya ko ɗakinmu muke jira. Maigida ya ce a'a, ba a nan muka sauka ba. Ta yi murmushi, ta roƙi a sauke ƙafafun yara daga kan kujera, ta nuna mana inda ake cin abinci. Tun daga nan ransa ya ɓaci. Ya ce mun zubar masa da mutunci, kuma ƙafarsa ba za ta ƙara taka otal ɗin da bai biya ba. Ita kuwa ƙanwarsa ta ce ai mun sayi tikiti, kamfanin ɗaya ne, har ta so yara su shiga wurin iyo. A Disamba Hajiya, mahaifiyarsu, za ta zo, mun yi mata alkawarin kai ta, kuma ba ta iya doguwar tafiya sai ta huta. Anti, wa ke da gaskiya, kuma yaya zan yi?

Maman yara, Houston

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya raya mana yaran, Ya kawo Hajiya lafiya.

Shigar da kuka yi babu laifi a cikinta ko kaɗan. Irin zaman da kuka yi ne ya wuce gona da iri. Maigidanki ya yi daidai da ya ji nauyi, amma hukuncin da ya yanke ya yi tsauri. Ƙanwarsa ta faɗi gaskiya cewa ƙofa a buɗe take, sai dai lissafinta na tikiti bai fita ba.

Abin da zai fi kwantar wa maigida da hankali shi ne ya san yadda aka gina wuraren nan. Tun ranar 1 ga Oktoba 1971 da aka buɗe Walt Disney World, aka buɗe shi tare da otal biyu, Contemporary da Polynesian, kuma jirgin nan mai gudu a kan layi ɗaya ta tsakiyar ginin Contemporary yake ratsawa, ya tsaya ya sauke mutane a ciki. Wanda ya ratsa da layin jirgi ta cikin gidansa ya san jama'a za su shigo. Ba a tambayar kowa makullin ɗaki kafin ya hau jirgin, ko kwalekwalen da ke tsallaka tafki, ko keken saman nan na Skyliner da aka fara a 2019. Gidajen cin abincin da ke cikin otal-otal ɗin na kowa ne, shagunan ma haka. Kamfanin yana so ki shigo ki ga kyan wurin, ki sha shayi, ki sayi tsaraba, wata shekarar in Allah Ya buɗa ki kama ɗaki. Amurkawa da yawa sukan ware yini guda ba su shiga filin wasa ba, suna zagaya otal-otal kawai don kallo, kuma ba wanda ke ce musu kun yi abin kunya.

Kuma akwai abin kallon. A otal ɗin Wilderness Lodge, da aka buɗe a 1994, akwai murhu mai tsawon ƙafa 82 da aka jera duwatsunsa hawa-hawa irin na kwazazzabon Grand Canyon. A Grand Floridian, na 1988, mai kaɗa fiyano yakan zauna a tsakiyar falo yana kiɗa, mutane na tsaye a bene suna saurare. Wanda na fi so ku kai Hajiya shi ne Animal Kingdom Lodge, na 2001. Da shigarku za ku tarar da dodon Ijele na ƙabilar Igbo a tsaye, tsawonsa ƙafa 16, an yi masa ado da ƙyallaye kala-kala tun daga ƙasa har sama. Shi ne mafi girma a dodannin ƙasar Igbo, kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin kayan gadon al'adun duniya a 2009. Idan kuka fita ta ƙofar baya akwai wurin tsayawa a kan duwatsu, inda za ku ga raƙuman dawa da jakunan dawa suna kiwo kusa da ku, kuma sau da yawa akwai ma'aikata 'yan ƙasashen Afirka da ke yi wa mutane bayani. Abin da aka ɗauko daga Najeriya aka kafa a tsakiyar falo don a gani, ban ga dalilin da zai sa ɗan Najeriya ya ji kunyar shiga ya gan shi ba.

To amma tikitin da kuka saya na filin wasa ne. Shi ya ba ku lilo da jirage da wasan wuta na dare. Bai saya muku kushin ɗin otal ba. Mutanen da suka sauka a irin waɗannan manyan otal-otal ɗaruruwan daloli suke biya kowane dare, wasu shekara biyu suka yi suna tari kafin su zo, kamar yadda ku ma kuka yi tarin kuɗin tikiti. Cikin abin da suka biya har da wurin zama a falon nan.

Ki duba lokacin da kuka zauna. A otal-otal ɗin Disney ƙarfe 11 na safe ake barin ɗaki, sabon baƙo kuma sai ƙarfe 3 na yamma yake samun nasa, a wasu sassan ma sai ƙarfe 4. Daga biyu zuwa biyar, lokacin da kuke wurin, shi ne daidai lokacin da falon ya fi yi wa masu shi amfani. Ki ɗauka wata mata ce ta sauko daga jirgi tun asuba, jariri a kafaɗa, jaka a hannu, mijinta yana layi a teburin karɓar baƙi, an ce musu ɗaki bai gama gyaruwa ba. Ta juya tana neman inda za ta zauna ta ba ɗanta nono. Ta ga kujeru shida a haɗe, yara biyu a miƙe suna barci da takalma, kula a buɗe a kan tebur, kowane soket da waya a jikinsa. Ba za ta ce muku komai ba. Za ta jingina da ginshiƙi ta tsaya. Ita ce wadda aka tauye, ko da ba ku lura da ita ba, kuma na tabbata da kin gan ta da kin tashi.

Falon otal kamar zaure ne a gidan mutum. Mai wucewa yakan fake ruwan sama a ciki, a ba shi tabarma da ruwan sha, maigidan ma ya ji daɗi. Amma ba ya kiran iyalinsa su baje kwanuka, su kwanta har la'asar sakaliya, alhali baƙin da maigidan ya gayyato suna tsaye a ƙofa. Hajiya ba sai an yi mata wannan bayanin ba, ta riga mu saninsa.

Da kun shiga kun zauna rabin awa ko minti arba'in har ruwa ya tsagaita, kun ɗauki kujeru uku manya sun rungumi ƙanana, kun sayi lemo ko kofi a shagon da ke wurin, kun zagaya kun yi hoto kun fita, da ba ki rubuto mini ba. Ruwan bazarar Florida ma haka yake, ya zo da tsawa da rana tsaka, sau da yawa cikin awa guda ya wuce.

Maganar ma'aikaciyar nan ina so ki isar wa maigida da ita yadda take. Ba korarku ta yi ba. Tambayar ko ɗaki kuke jira ita ce tambayar da ake yi wa duk wanda aka ga ya daɗe da kaya a falo, domin in ɗaki yake jira akwai inda za a ajiye masa jakunkuna, a kuma duba masa ko ɗakin ya fito. Da aka gaya mata gaskiya ba ta nuna muku ƙofa ba. Abu biyu ta roƙa, a sauke ƙafa, a kai abinci inda ake ci, kuma ko mai ɗaki ne abin da za ta roƙe shi ke nan. Ni a duk labarin nan abin da ya fi burge ni shi ne amsar mijinki. Da sauƙi ya ce e, ɗaki muke jira, a rabu lafiya. Bai yi ƙarya ba, a gaban 'ya'yansa. Ki faɗa masa haka, don na lura a cikin ɓacin ransa bai ga abin da ya yi daidai ba.

Abinci a falo ku bar shi gaba ɗaya. Ba don abincinmu yana da wani aibu ba, ko burodi da cuku ne hukuncin ɗaya. Kushin da darduma ba sa son mai, kuma ƙamshin kula da aka buɗe yana cika ɗaki mai sanyin na'ura nan da nan. Disney ta yarda a shiga filayen wasanta da abincin gida, kuma akwai tebura a waje da za ku zauna ku ci hankali kwance. Barcin jariri a cinya ko a cikin kekensa ba wanda zai ce uffan. Miƙewa a kan kushin, na yaro ko na babba, shi ne bai dace ba. Caji kuwa, waya ɗaya na ɗan lokaci ba komai, amma ku sayi batirin tafi-da-gidanka ku huta da farautar soket. Yara kuma a riƙe su. Matakala da lifta da barandar da ɗakuna suke ba wurin wasa ba ne, akwai masu barcin rana a bayan ƙofofin nan.

Wurin iyo kam babu wata tattaunawa. Na waɗanda suka sauka a otal ɗin ne kaɗai, a rubuce yake, kuma a wasu wuraren sai an duba makulli ko abin ɗaurawa a hannu na masu ɗaki kafin a shiga. Alhamdu lillahi da ba ku biye wa ƙanwar maigida ba. Hanyar shiga ɗaya ce, a bi bayan wani kafin ƙofa ta rufe, ko a ce an manta makulli a ɗaki, kuma duka biyun yaudara ce. Haka ma dabarar da wasu ke yi ta kama tebur a gidan abincin otal don maigadi ya bar su su ajiye mota, sai su soke teburin su wuce filin wasa don guje wa kuɗin fakin. Za ki ji ana koya wa juna wannan a matsayin wayo. Kada ki yarda a yi da ke. Duk abin da sai kin ɓoye gaskiya kafin ki same shi a otal ɗin, ba rabonki ba ne, kuma yaran suna kallon bakinki lokacin da kike amsa wa maigadi.

Yanzu ga abin da nake jin shi ne ainihin ciwon maigidanki, ko da bai furta ba. Baƙar fata ne a ƙasar wasu, matarsa da ƙanwarsa da lulluɓi, ga yara biyar. Ya san ana ganinsa kafin ya buɗe baki, kuma ya san kuskuren da za a yafe wa wani shi za a iya jingina wa duk mutanensa. Shekara da shekaru yana kiyaye kansa a wurin aiki da unguwa, sai ga shi a yini ɗaya an zo ana nuna wa iyalinsa inda ake cin abinci. Kada ki ce masa ai ba komai ba ne. A wurinsa komai ne, kuma wannan kishin mutuncin shi ke riƙe da gidanku a can.

Sai dai ina so ya duba abin da 'ya'yansa za su koya idan ya tsaya a kan bakansa. A Amurka za su girma. Idan suka ga babansu yana tsayawa a bakin ƙofar duk wani wuri mai kyau yana cewa nan ba namu ba ne, za su ɗauki wannan tunanin su tafi da shi har makaranta da wurin neman aiki. Na fi so su ga ya shiga da kansa a sama, ya gaisa da mai tsaron ƙofa, ya nuna musu dodon Ijele ya ce wannan daga ƙasarmu yake, ya saya musu abin sha, ya ga tsohuwa da sanda ya tashi ya ba ta kujera, sannan ya ce to mu tafi. Wannan darasin ya fi ƙauracewa amfani nesa ba kusa ba.

Ga yadda zan tsara tafiyar Disamba in ni ce ke. Ku raba yinin filin wasa da yinin kallon otal. Ranar otal ba ta buƙatar tikiti ko ɗaya, kuma lokacin an ƙawata ko'ina da manyan bishiyoyin Kirsimeti, a yawancin shekaru har da gine-ginen biskit mai citta da masu gashin burodi ke yi a wasu otal-otal, wanda mutane ke bin layi don yin hoto. Saboda haka ne ma cunkoso ke yawa, kuma masu ɗaki suka fi ƙosawa da 'yan kallo a wannan watan. Ku je a ranar aiki, da hantsi, a farkon wata in zai yiwu. A makon Kirsimeti da sabuwar shekara akan tsaurara shiga da mota, a bar masu ɗaki da masu tebur kawai, don haka ki duba ƙa'idar da ake kai kafin ku fito daga gida.

Hanya mafi sauƙi ga Hajiya ita ce ku kama tebur na gaskiya ku ci abinci. Ana buɗe kama tebur tun saura kwana 60, ta manhajar My Disney Experience. A Animal Kingdom Lodge akwai Boma, inda ake jera abinci kowa ya ɗiba, akwai kuma Sanaa a ɓangaren Kidani, inda za ku ci kuna kallon dabbobi ta taga. Kifi da kayan lambu ba sa yankewa, kuma in kin gaya wa mai kawo abinci ba kwa cin alade ko abin da aka dafa da giya za a nuna muku abin da ya dace. Da wannan teburin za ku shiga da motarku ta ƙofar gaba, maigida ya faɗi sunansa a duba a gani, ku ci, ku zagaya, Hajiya ta zauna ta huta a falo kafin a ɗauko mota. Ba na jin zai ƙi wannan, tunda kuɗinsa ya biya.

Ranar filin wasa kuma ku yi wa Hajiya hayar keken guragu tun daga bakin ƙofa, ko da ta ce ba ta so. Ki ce mata don jikokinta su samu ladan turawa ne. Kuma ku san wuraren hutawar da tikitinku ya riga ya biya, waɗanda rashin saninsu ne ya kai ku otal a Yuli. A kowane ɗaya daga filayen wasan Disney huɗu akwai ɗakin kula da jarirai, mai sanyi, da wurin shayarwa da canza kunzugu, akwai kuma ɗakin agajin gaggawa in wani ya ji jiri. A Magic Kingdom, ɗakunan kallo na Carousel of Progress da Hall of Presidents duk zama ake yi a kujera cikin sanyi wajen minti ashirin, kuma layinsu ba ya cika tsawo. In gajiya ta yi yawa, Kissimmee ba nisa. Ku koma gida ku yi sallah ku yi ƙailula, ku dawo da yamma. Tikitin yana aiki har dare, kuma kuɗin fakin sau ɗaya ake biya a yini, ki dai adana rasit.

Tunda na ambaci sallah, kada a shimfiɗa darduma a tsakiyar falo ko a kan hanyar wucewa. Ki je teburin ma'aikata ki ce kuna neman wuri mai shiru na minti biyar don yin ibada, su suka san lungunan gininsu. Alwala a bayin jama'a kuma a yi ta da kula, a goge ruwan da ya zuba, don tsoho na iya zamewa a kan tayil. Maigida ya tambayi malaminsa hukuncin kasaru da haɗa salloli gwargwadon kwanakin da za ku yi, tun kafin tafiya.

Saura ƙanwar maigida. Wannan ba bakinki ba ne, ƙanwata. Ke matar wa ce, duk yadda kika tausasa murya za a iya cewa kin yi wa baƙuwa gori a gidan ɗan'uwanta. Ita ma ba mugun nufi gare ta ba, ta ga ɗanki yana kuka ne ta nemo mafita, kuma ta kashe kuɗi mai yawa kafin ta kawo 'ya'yanta. In za ta sake biyo Hajiya, ki bar yayanta ya faɗi tsarin tun a gida, a gaban kowa, ba tare da an tono abin da ya wuce ba: yau kallo za mu je, awa kaza za mu yi, abinci a tebur za mu ci, ba iyo. Ke kuma ki sami lokacin da ya ci ya ƙoshi, yara sun kwanta, ki fara da cewa kin ga gaskiyarsa a kan zaman Yuli. Bayan nan ki nuna masa hoton wurin a waya, ki tambaye shi ranar da yake so a kama wa Hajiya teburin.

Anti